Keke ɗan Beljiyam: wata 14 tsakanin Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Sauri

Mutum biyar ke nan a wurin aikinmu suka tambaye ni inda na sayi kekena, nawa na saye shi, kuma ko da gaske yana rage tumbi. Amsar da nake ba su a tsaye bakin ofis ba ta gamsar da ni kaina, shi ya sa na zauna in rubuta ta a tsanake. Wata 14 ke nan ina hawan keken nan kusan kowace ranar aiki, daga gidana a bayan Ƙofar Ƙwaya zuwa wajen Ƙofar Sauri, a nan garin Katsina. Na ci moriyarsa, na kuma sha wuyarsa, duka zan faɗa.

Shekarata 47, akawu ne ni. Aikina zama ne kan kujera tun ƙarfe takwas har huɗu, sai tashi sallah kurum. A tsakiyar 2023 na je asibiti saboda ciwon kai da ya matsa mani, aka gwada jinina aka samu 150 bisa 95, sikeli kuma ya nuna kilo 94. Likitan ya rubuta mani magani, sannan ya ajiye biro ya ce, "Malam, maganin nan shi kaɗai ba zai yi maka ba. Sai ka motsa jikin nan." Ya gaya mani Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, in ya kai 300 ya fi. Na tambaye shi mene ne matsakaici. Ya ce wanda numfashinka zai ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa.

Na ɗauki maganar da muhimmanci. Na sayi kambas, na riƙa zuwa wajen filin wasa na Karkanda da safiyar Asabar, inda jama'a ke fitowa sassarfa. Asabar uku na yi. Ta huɗu aka yi ɗaurin aure a Daura, ta biyar rasuwa, ta shida yaro ba lafiya. Na biya kuɗin wata ɗaya a wani gidan motsa jiki, sau biyar na leƙa. Ba lalaci ba ne ya hana ni. Magidanci a garin nan ba shi da sa'a guda da ke zaune ba mai ita. Bayan asuba shirin yara ne zuwa makaranta, bayan la'asar an gaji, daga magariba zuwa isha'i kuwa ba lokacin zuwa ko'ina ba ne. Duk motsa jikin da sai na ware mashi lokaci na musamman, hidimar jama'a ce ke cinye shi, kuma ba zan ƙi zuwa jana'izar maƙwabci don in je in ɗaga ƙarfe ba.

Ana cikin haka tsadar mai ta shigo. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mashin ɗina da ban taɓa lissafa abin da yake sha ba ya zama abin tunani kowace safiya. Wata rana ina tsaye a layin gidan mai na ga wani dattijo ya wuce kan tsohon kekensa, da buhu ɗaure a kariya, jikinsa a tsaye kamar sanda, ba alamar tumbi. Na bi shi da kallo har ya ɓace. A nan tunanin ya zo mani: tafiya wurin aiki dole ce, ko ana biki ko ana makoki sai na je. In na mayar da ita kanta tafiyar motsa jiki, ba wanda zai ƙwace mani ita.

Wata Asabar cikin Nuwamba na je wani shagon kekuna a wajen Babbar Kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda akwai abin da zan yaba akwai wanda zan kushe. Shago ne mai zurfi, kekuna a rataye har rufi, wasu jere a bakin titi an sarƙe su da sarƙa guda. Kashi biyu ne kayan. Akwai sababbi cikin leda masu fenti mai ɗaukar ido, da sufirin gaba da baya, da giya har 21. Akwai kuma na hannu da ake kawowa daga Turai da Japan, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam, fentinsu ya dusashe, wasu ma da ragowar sitika ta garin da suka fito.

Ido na ya fara sauka kan wani sabo ja. Yaron shagon, wanda shi ne ke haɗa kekunan, ya matso ya ce a hankali, "Baba, zuwa aiki za ka riƙa yi da shi ko na yara ne?" Na ce aiki. Ya ce in ɗaga jan. Na ɗaga, na ji shi kamar buhun siminti rabi. Ya jawo wani toka-toka ɗan Beljiyam ya ce in ɗaga wannan. Da hannu ɗaya na ɗauke shi. Ya ɗaga tayar baya ya murza feda, tayar ta yi ta juyawa shiru, ba gurnani ba karkata. Ya ce, "Wancan ado ne, wanga shi ne keke." Wannan shawara ita ce mafi alherin abin da na samu a shagon, kuma daga bakin yaron da bai wuce shekara ashirin ba ta fito.

Alhajin mai shagon ya sa mashi dubu 95. Muka yi ta ja, na ce albarka, ya ce albarka, har na juya zan tafi ya kira ni, muka daidaita a dubu 78. Daga baya na ji wani maƙwabcinmu ya sayi irinsa a wurin ƙasa da haka. Farashin shagon yana bin rigar da ka sa ne, don haka kada ka je ranar da ka fito daga ɗaurin aure. Ba su ba da rasit sai ka matsa, kuma ka matsa ɗin, domin keken hannu ba a rasa mai cewa nashi ne da aka sace. Gwaji ma iyakarsa daga bakin shago zuwa kwanar layi, yaro na biye da kai. A wannan 'yar tazara ba abin da za ka gane game da keke.

Ga yadda keken yake. Firam ɗinsa na alminiyom ne, giya bakwai a baya, ɗaya a gaba, kansa miƙaƙƙe, yana da madigadi gaba da baya da kariya mai ƙarfi da jak. Ba shi da sufirin ko ɗaya, kuma ban taɓa jin rashinsa ba a kan kwalta. Abin da na fi so a jikinsa shi ne giyar nan. Katsina gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu na a zo a gani, amma akwai iskar hunturu da ke tahowa daga arewa maso gabas, wato daidai fuskata in na nufi Ƙofar Sauri da safe. Ranar da take kaɗawa sosai, sai ka ji kamar wani ya riƙe maka kariya ta baya. In na sauko giya ta uku sai ƙafa ta yi sauƙi in ci gaba da tafiya ba tare da na yi nishi ba. Mai keke marar giya a irin wannan safiya tsaye yake tuƙi.

Makon farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Tafiyar kilomita biyar da 'yan kai ce bisa ga abin da wayata ta auna, amma ranar farko minti 40 na yi, na tsaya sau biyu. Cinyoyina suka yi tsami har sujada sai da dabara. Wannan ya wuce cikin kwana goma. Wanda bai wuce ba shi ne ciwon gwiwa, a gaba daidai ƙoƙon. Har na fara tunanin ko shekaru ne suka hana, in mayar da keken in huta.

Wani mai gyaran keke ne ya cece ni, dattijo da ke zama ƙarƙashin wata bishiyar bedi a kan hanyata, da akwatin sifanu da bokitin ruwan faci. Na tsaya shan iska, ya dube ni ina sauka ina ɗingishi. Ya ce, "Alhaji, hau in gani." Na hau, ya riƙe kan keken. Ya ce in sa diddige kan feda in kai ta ƙasa. Gwiwata na nan a lanƙwashe sosai. Ya girgiza kai ya ce, "Kana tuƙi kamar mai zaman turmi. Wa ya saita maka sirdin nan?" Ya kwance ƙusa ya ɗaga sirdin kusan faɗin yatsu huɗu, har sai da ƙafata ta miƙe da diddigen a kan feda. Na ce ai yanzu ƙafata ba ta kai ƙasa sosai in na tsaya. Ya ce haka ake so, in za ka tsaya ka zame gaba ka sauka daga sirdi. Ya kuma ce in daina taka feda da tsakiyar ƙafa, in riƙa takawa da tudun da ke bayan yatsu, in daina son giya mai nauyi, gara ƙafa ta yi ta juyawa da sauri a mai sauƙi. Naira 200 ya karɓa har da kuɗin iska. Cikin mako guda ciwon gwiwar ya tafi, bai dawo ba har yau. Abin da ya ba ni haushi shi ne a shagon da na ba da dubu 78 ba wanda ya ɗauki minti biyu ya yi mani wannan.

Sirdin kansa ma sai da na canza. Wanda ya zo da shi siriri ne mai tauri, na masu tsere. Na koma shagon, yaron nan ya musanya mani da mai faɗi kaɗan, na cika dubu biyu. A nan sun kyauta. Sai dai kada mutum ya ruɗu da sirdi mai laushi kamar katifa, a tafiyar da ta wuce minti 20 ya fi gurzar cinya.

Babbar matsalar ɗan Beljiyam ita ce taya. Alhajin ya rantse mani tayoyin sababbi ne. Ƙwayarsu kam ba ta cinye ba, amma robar ta tsufa a ajiye, gefenta duk tsaga ƙanana waɗanda sai ka matsa da yatsa za ka gani. Ga ƙayar tsidau da ke cike da gefen titunanmu. A wata na biyu sau huɗu na yi faci. Na farkon ne ya fi ƙona mani rai. Wajen ƙarfe bakwai da rabi, ina kusa da Ƙofar Soro, na ji baya ta fara rawa. Na tura zuwa wurin mai facin mashin, ya duba bawul ɗin ya ce bakin injinsa ba ya kama wannan. Siririn bawul ne irin na Turai, mai ɗan ƙusa a kai da ake murɗawa, ba irin na mota da mashin ba. Na je wurin na biyu, haka. Ranar da ƙafa na ƙarasa ofis ina tura keke, na makara da kusan sa'a guda. Maganin abin ashe ƙaramin ƙarfe ne da bai kai kan yatsa ba, ana ɗaura shi kan siririn bawul ya koma irin na mashin. Yanzu yana cikin aljihun jakata tare da ƙaramin famfo da tif guda.

Sai kuma maganar lamba. Da na yanke shawarar canza tayoyin, na je na ce a ba ni taya 28, domin haka aka ce mani girman kekena. Aka ba ni, na kai wa dattijon nan, ya gwada ta ƙi zama, ta yi wa rim ɗin yawa. Ashe 28 iri biyu ce. Akwai ta manyan kekunan da, irin su Raleigh da Phoenix na iyayenmu, wadda ake rubuta 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635. Akwai kuma ta kekunan Turai na yanzu da ake rubuta 700C, ita 622 ce. Suna ɗaya, girma daban. Ka duba gefen tsohuwar tayarka, za ka ga lamba kamar 37-622, ita za ka kai kasuwa, ko ma ka ɗauki tayar ka tafi da ita. Ta 622 ana samunta a Katsina amma ba kowane shago ba, kuma ta fi tsada. Da yau zan sake saye, mai taya 26 zan nema, domin tayarsa da tif ɗinsa ko a kasuwar ƙauye ba ka rasawa. Tun da na sa sababbin tayoyi masu kauri, na kuma riƙa cika iska duk mako, faci biyu kurum na yi a wata goma.

Yanzu ga abin da mutanen ofis suka fi son ji. Wata uku na farko sikeli bai motsa ba. Daga 94 ya koma 93, ya tsaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ina yin minti 25 zuwa, 25 dawowa, kwana biyar a mako, wato minti 250, na wuce abin da likita ya ce. Da na koma ganinsa na yi mashi ƙorafi. Ya ce in faɗa mashi abin da nake ci tun daga safe. Na fara lissafi, sai na ji kunya ta kama ni tun kafin in gama. Keken ya buɗe mani ciki, sai na ƙirƙiro sabuwar al'ada: in na iso ofis in zauna teburin mai shayi, kofi mai kauri da madara da sukari, da biredi rabi da ƙwai biyu, bayan kokon da ƙosan da na riga na karya da su a gida. Da rana kuma lemon kwalba mai sanyi, ina ce wa raina ai na yi aikinsa.

Ya jawo takarda ya yi mani lissafi, kuma ni akawu ne, lissafi shi ne yaren da nake ji. Ya ce tafiyata ta minti 50 a kan keke ba gudu ba, abin da take ƙonawa bai wuce kalori 300 da wani abu ba. Kilo ɗaya na kitse kuwa wajen kalori 7,700 ne. Ke nan in ban ƙara ko loma ɗaya a kan abincina ba, sai na yi kamar mako biyar kafin kilo guda ya tafi. Lemon kwalba babba guda yana iya kai kalori 200, shayin nan da biredi da ƙwai sun fi haka nesa. Wato ina zuba ruwa a tulu ta sama, ina kuma huda shi ta ƙasa.

Ban bi wani tsarin abinci na intanet ba. Na daina zama wurin mai shayi, sai gaisuwa. Lemon kwalba na bar shi sai ranar biki. Fura ina sha, amma ba sukari. Tuwon dare malmala biyu ya koma ɗaya da rabi, daga baya ɗaya, miya da ganye na ƙara. Daga nan nauyin ya fara sauka a hankali, wani watan kilo ɗaya, wani watan rabi, wani ba komai. Yau ina kilo 86. Takwas ke nan cikin wata 14. Wanda ke neman ya zube kilo 10 kafin sallah, keke ba zai ba shi ba. Amma tela ya rage mani ƙugun wanduna huɗu, jinina yana zama wajen 132 bisa 84, kuma har yanzu ina shan maganina, likita bai ce in bari ba, ni ma ban bari ba. Barci kuwa, in na kwanta bayan isha'i sai kiran assalatu. Abin da ya fi faranta mani rai shi ne tsayuwar tarawihi a azumin da ya wuce, na yi ta ba tare da bayana ya riƙe ba, abin da na yi shekaru ban samu ba.

Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Na yi gangancin dawowa gida kan keke ƙarfe biyu na rana a kwana na uku, na iso ina ganin duhu-duhu, uwargida ta shimfiɗa mani jiƙaƙƙen zane a tsakar gida. Ban sake ba. Sauran watan na koma mashin, keken kuma sai bayan la'asar sakaliya, in ɗan zaga minti 20 a hankali in sayo ƙanƙara da kankana, in iso gida ana shirin kiran sallah. Ko ba azumi, daga Maris zuwa Mayu dawowar yamma ce wahala, sai da gorar ruwa, kuma ina jinkirtawa a ofis har rana ta yi sanyi. Da damina madigadi ya biya kuɗinsa. Da hunturu takunkumi da man leɓe, sarƙar keke kuma tana son goge ƙura da ɗigon mai duk mako, in ba haka ba ta riƙa ƙara tana tsallake giya.

Maganar sutura ma tana da muhimmanci ga ma'aikaci. Keken ba shi da murfin sarƙa cikakke, ya ci mani ƙafar wandon shadda guda kafin in koyi darasi. Yanzu ina naɗe ƙafar dama in sa roba, gaban kaftani in tattare shi. Babbar riga kam ba ta hawa keken nan, in zan sa ta ranar Juma'a, mashin nake ɗauka. Ina fita bakwai saura, kafin rana ta ɗaga, ban yin gudu, kuma akwai singileti da ƙaramin tawul a durowar ofis. Minti biyar a bayi ya isa mutum ya fito tsaf.

Hanya ita ce abin da har yanzu ban saki jiki da ita ba. Titunanmu ba su san da mai keke ba. Gefen da ya kamata ka bi yashi ya cinye shi, ko an ajiye mota, ko mai Napep ya tsaya ɗaukar fasinja ba sigina. 'Yan acaba suna wuce ka har iskarsu ta taɓa gwiwar hannunka. Gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙwaya ban shiga cikinta da keke, ta sama nake bi in lallaɓa. Sau ɗaya na faɗi, wani ya buɗe ƙofar mota ban ankara ba, Allah ya taƙaita abin a ƙujewar hannu. Tun ranar nake ba motocin da ke tsaye tazara, na sayi hular kwano, na sa jar fitila mai ƙiftawa a baya. Na kuma gano cewa lungunan cikin gari sun fi manyan tituna daɗin keke nesa. Da sassafe in ka ratsa ta tsohon gari, ka hango Hasumiyar Gobarau cikin hazo, ka wuce masu tuyar ƙosai da almajirai da allunansu, kana gaisawa da mutane suna amsawa, za ka ga garin da ka yi shekara ashirin kana wucewa a guje ba ka gani. Bayan gari kuwa, hanyar Batsari ko ta Jibiya, ban shawarci kowa ya fita shi kaɗai da asuba don motsa jiki ba, kowa ya san halin da ake ciki.

Akwai abin da ya fi ƙaya da yashi tsaya wa mutanenmu a rai, shi ne bakin jama'a. Makon farko wani abokin aiki ya ja ni gefe cikin tausayi ya ce, "Malam, in wani abu ne ya faru ka faɗa mana, ai ba a rasa yadda za a yi ba." Wata gwaggona ta aiko a tambayi ko na saida mashin ne. Na gode masu, domin ƙauna ce ta sa. Amma abin yana ba ni mamaki. Mahaifina malamin makaranta ne, Raleigh ɗinsa shi ne abin alfaharin gidanmu, ana goge shi kamar doki, kuma ya kai shekara saba'in yana hawansa, bai san hawan jini ba. A ƙasar Holan manyan ma'aikata da 'yan majalisa keke suke hawa zuwa aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2018 ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama ranar keke. Mu ne muka mayar da shi alamar karayar arziki, muka koma ko masallacin unguwa sai da mashin. Da lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, masu tambayar ko lafiya suka koma tambayar nawa na saya.

Uwargida ce ta ɗaga mani wata magana da ban da amsarta sosai. Ta ce, "Malam, kai ka samu mafita, mu fa?" Gaskiya ne, matar aure ba ta hawa keke a titin Katsina, kuma ita ma an ce sukarinta ya fara hawa. Mun yi tunanin keken motsa jiki na ɗaki, amma na san inda irinsu ke ƙarewa, wurin rataye kaya. Abin da ta yi shi ne irin nawa ta wata hanya. Islamiyyar da take zuwa kwana huɗu a mako da Napep, yanzu da ƙafa suke zuwa ita da maƙwabtanta biyu, minti 20 zuwa, 20 dawowa. Ita ma tafiya ce da dole sai an yi ta, don haka ba ta fashi.

In na haɗa abin da na kashe: dubu 78 na keke, tayoyi biyu da tif, sirdi, famfo, kwado mai kauri, hular kwano, fitila, robar birki sau ɗaya da ƙananan gyare-gyare, duka bai kai dubu 130 ba. Kuɗin man da ban saya ba ya rage mani wani ɓangare na wannan. Farashi ya tashi tun lokacin, don haka kada ka riƙe nawa a matsayin na yau.

Wanda zai saya, ya tafi da mai gyaran keke da ya yarda da shi, ya biya shi ladan rakiya. A juya kowace taya a ga ko rim ya karkace, a matsa gefen roba a nemi tsaga, a duba wuraren walda a firam, a canza giya ɗaya bayan ɗaya ana murza feda, a kama birki a tura a gani. A tsaya a saita sirdi kafin a bar bakin shagon, a karɓi rasit. Shagon da na saya zan iya komawa saboda kayansu na Beljiyam masu kyau ne kuma saboda yaron nan, amma ba zan sake yarda da rantsuwa kan taya ba. Keken ya dace da wanda wurin aikinsa ko shagonsa ke tsakanin kilomita uku zuwa takwas daga gida. Wanda ke kai yara uku makaranta kafin ya wuce aiki, ko mai ciwon ƙirji, ko wanda numfashi ke yanke mashi da ɗan motsi, ya fara ganin likita, ya kuma duba ko tafiyar ƙafa ta fi dacewa da shi.

Likita ya ƙara tuna mani cewa keke ƙafa yake ginawa, hannu da kafaɗa suna son nasu aikin kwana biyu a mako. Wannan ban samo mashi gurbi ba tukuna, sai dai na karɓi ɗaukar jarkokin ruwa daga bakin ƙofa zuwa randa daga hannun yara. Babban ɗana kuma ya fara ɗaukar keken ranar Asabar zuwa hadda, kullum sai ya sauke mani sirdi. Na sa dattijon nan ya yi mani alama da jan fenti a jikin ƙarfen, daidai inda ƙafata ke miƙewa, ranar Lahadi da dare in mayar da shi wurin in ɗaure.